TSOHON BABUR DA MUTUWA A HANYA

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in amsa wata tambaya wadda ta yi ta zo mini tun da hunturu ya kama. Takardu uku na samu, ɗaya daga Paki ta ƙasar Ikara, ɗaya daga Gimi ta ƙasar Maƙarfi, ɗaya kuwa daga Hunkuyi ta ƙasar Kudan, amma kukansu duk ɗaya ne. Tsohon babur ya tashi lafiya lau da safe, a ɗaura kaya a kama hanya, sai ya mutu a tsakiyar daji. A tura shi wurin bakanike, ya kwance kafireto, wanda waɗansu ke kira kabureta, ya wanke, ya karɓi ladansa. Jibi kuma ciwo ya komo. Biyu daga cikin masu takardun suna tambayata ko su jefar da tsohon kafireton su sayi sabo a kasuwa su huta.

Amsata ita ce kada ku jefar, kada kuma ku bari a ƙara taɓa shi sai an binciki abin da na ke shirin faɗa. Gama a cikin baburan da na gani suna wannan ciwo, mafi yawansu kafireton ba shi da laifi. Laifin yana ga abin da a ke ɗura masa.

Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce. A ƙasarmu babur ba abin ado ba ne. Shi ke kai kwandon tumatir bakin titin Zariya zuwa Kano kafin rana ta dafa shi, shi ke kai mazarƙwaila ran kasuwar Maƙarfi, shi ne kuma a ke buga wa ƙofa da tsakad dare in naƙuda ta gardama za a kai mace asibiti. Wanda baburinsa ya mutu da kayan gwari a baya, ya san hasarar da a ke yi cikin sa'a biyu. Ga shi kuwa ba kowa ke da halin sayen sabo ba. Da yawa abin da ke hannunsu shi ne wanda suka gada, irin Honda CD175 mai salansa biyu, da Roadmaster, da Yamaha YB100, da Suzuki A100, da Vespa. Dattawa za su tuna shekarar 1975, sa'ad da aka biya ma'aikatan gwamnati kuɗin Udoji, malaman makaranta da akawuna suka jingine kekuna suka hau babura. Waɗansu daga cikin baburan wannan zamani suna nan suna aiki har yau, shekara hamsin ke nan, alhali waɗanda aka sayo bayansu sun daɗe da zama kayan 'yan gwangwan.

To, bari mu fara da sanin aikin kafireto, don wanda bai san aikin abu ba, ba ya sanin ciwonsa. Kafireto mai damun fura ne kurum. Inji ba ya cin fetur tsantsa, sai an dama masa da iska, bisa awon nauyi kamar kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur. A ƙarƙashin kafireto akwai ɗan ƙoƙo inda mai ke taruwa. Cikin ƙoƙon akwai wata 'yar gora mai iyo, bakanikai na kiranta fulot. In mai ya cika sai ta taso ta tura wata 'yar ƙusa ta toshe hanya, in ya ragu sai ta sauka ta buɗe. Daga ƙoƙon nan mai ke hawa ta waɗansu ƙusoshin tagulla guda biyu masu huda, su a ke kira jet. Ƙaramin shi ke ciyad da inji sa'ad da ya ke silo, babban kuwa sa'ad da aka murɗa totur. A sama akwai maƙogwaro inda iska ke wucewa, da ɗan ƙyaure mai hawa da sauka wanda wayar totur ke ja, da doguwar allura a gindinsa. Iskar da inji ke zuƙa, in ta zo ƙuncin maƙogwaron sai ta ƙara sauri, ta jawo mai daga ƙasa. Iyakar abin ke nan. Babu wani sihiri a ciki.

Mai damun fura kuwa ba ita ke da saniya ba, ba ita ta haƙa rijiya ba. In an kawo mata nono gurɓatacce da ruwa mai laka, ko ta sake ludayi sau goma, furar ba ta shawuwa. Saboda haka kafin a kama ludayi, a dubi nonon.

Abin da zan roƙi mai babur ya yi da fari ba ya bukatar sifana. Ya lura da yadda baburin ke mutuwa, da lokacin da ya ke mutuwa. Babur mai jin yunwar mai ba ya mutuwa farat ɗaya. Sai ya fara shaƙewa, ya ja ya saki, ya ja ya saki, kamar dokin da ya gaji, sa'an nan ya yi shiru. Wanda wuta ta ɗauke masa kuwa, mutuwar fuju'a ya ke yi, kamar an kashe makulli. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya raba hanya biyu, ya tsare maka kuɗin wankin da ba a bukata.

Mai takardar Paki ya ce nasa sai ya yi kamar mil biyu ya mutu, in ya tsaya ya huta kaɗan ya buɗe tanki ya leƙa, ya ga da mai, ya buga, sai ya tashi. Malam, ka riga ka faɗi maganin da bakinka. A jikin murfin tanki akwai wata 'yar huda wadda iska ke shiga ta maye gurbin man da ya fita. In ƙura ko tsatsa ta toshe ta, mai ba ya sauka. Kowa ya san gwangwanin madara, in ka huda shi wuri ɗaya ba ya zuba sai ka yi masa huda ta biyu. Buɗewar da ka ke yi don ka leƙa, ita ke ba shi numfashi. Na kuma ga wata al'ada ta yaɗu, in murfi yana yoyo sai mutum ya shimfiɗa leda a bakin tanki ya danne da murfin. Yoyo ya tsaya, amma ka shaƙe baburinka da hannunka. Ran da ya sake mutuwa, ka kasa kunne sa'ad da ka ke buɗe murfin. In ka ji ya ja iska, fuu, to, ka tsokace hudar, ka sake robar murfin, ka yar da ledar.

In ba nan ba ne, sai a gangaro. A gindin ƙoƙon kafireto akwai wata ƙusa ta zubar da mai. Ka sami kwalba fara mai tsabta, ka tara, ka buɗe famfon mai, ka sassauta ƙusar. Abu biyu za ka duba. Na ɗaya, ko man yana ci gaba da zuba ba yankewa, ko kuwa da abin da ke cikin ƙoƙon ya ƙare sai ya koma ɗigo. In ɗigo ne, toshewar tana sama, ko a 'yar rariyar da ke cikin famfon, ko a tiyon da ya tsufa ya narke ta ciki. Na biyu, ka ɗaga kwalbar ka duba a rana. Ruwa ya fi fetur nauyi, ba su kuwa gauraya, sai ka gan shi kwance a gindi kamar ƙwayar idon kifi. Tsatsa kuma ja ce kamar garin jan ƙasa. Babban jet shi ke can ƙasa cikin ƙoƙo, don haka babur mai ruwa a ciki ya kan yi silo lafiya, amma da ka murɗa totur sai ya zuƙi ruwan ya yi tari ya mutu.

A nan ne na ke so in daɗe, don a nan ciwon zamaninmu ya ke. Ran 29 ga Mayu 2023 ne Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai. Lita wadda farashinta na gwamnati bai kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuwa ta kai 1,000 a wurare da yawa. Tun daga nan talaka ya daina cika tanki. Sai ya sayi lita ɗaya, ko rabi, ya juya famfo zuwa rizab, ya bar shi can kullum. To, famfon nan baki biyu gare shi a cikin tanki. Na kullum yana da ɗan bututu mai tsawo, yana ɗibar mai daga sama, inda ya ke garau. Na rizab kuwa daga can gindi ya ke ɗiba, inda dukan ruwa da tsatsa da yashin shekara arba'in suka kwanta. Da can mutum sai ya yi wata bai taɓa rizab ba. Yanzu a can ya ke kwana ya ke tashi. Har wa yau, tankin da ba a cikawa ya kan yi raɓa ta ciki in dare ya yi sanyi, raɓar nan kuwa ita ke haifar da tsatsa. Ka ga ke nan kafireton bai sake hali ba, abincinsa ne ya sake.

Ga kuma man jarka. Ba na zagin masu sayad da mai a bakin hanya, gama a ƙauyuka da yawa in ba su, sai a tura babur mil goma kafin a ga gidan mai. Amma jarka buɗe da mazurari a ƙasa cikin ƙurar hunturu, ko cikin yayyafin damina, ba abin da ba su kwasowa, balle in an sami marar tsoron Allah ya tsarma da kananzir. Kada kuma a ce sai a jarka a ke samun mugun mai. A Fabrairun 2022 hukuma da kanta ta shaida cewa an shigo da fetur daga Beljiyam mai methanol fiye da kima, har aka janye shi, layuka suka cika gidajen mai. Irin wannan sinadari yana jawo ruwa, yana kuma cin roba.

Maganin ba mai tsada ba ne. A sauke tanki, a juye abin da ke ciki, a zuba ɗan mai da 'yan tsakuwa masu tsabta ko ƙananan notina, a girgiza ƙwarai, a juye, a ɗauraye har sai ya fito fari, a kuma ƙidaya abin da aka zuba don kada ɗaya ya saura. A wanke rariyar famfo. A sa ɗan matacin nan na roba mai haske a tsakiyar tiyo, wanda ido ke ganin dattin da ya kama. In za ka sha man jarka, ka ajiye ƙyallen atamfa mai tsabta ka shimfiɗa a kan mazurari. In kuwa Allah ya hore maka, ka cika tanki sau ɗaya, sa'an nan ka riƙa ƙara lita ɗaiɗai ɗin da ka saba a kai. Kuɗin da za ka kashe kowace rana ɗaya ne, amma ka fita daga rizab.

Mai takardar Hunkuyi ya ce nasa yana gudu lafiya, amma da ya saki totur a mararraba sai ya mutu. Wannan kam ya fi kama da ƙaramin jet, don hudarsa ba ta fi bakin allura ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe ta. Haka kuma in an jingine babur wata uku ko huɗu, kamar wanda ya tafi cin rani, man da ya saura a ƙoƙo ya kan bushe ya bar wani danƙo kamar ƙaro. Mai niyyar ajiye babur ya rufe famfo, ya bar inji ya ci abin da ke ƙoƙo har ya mutu da kansa. Amma kafin ka hukunta jet, ka dubi wuyan da ya haɗa kafireto da inji. In gaskit ɗinsa ya tsage, ko robar ta bushe, iska ta kan shiga ta ɓarauniyar hanya. Alamarsa ita ce in ka saki totur ƙarar ba ta sauka nan da nan, sai ta rataya sama, sa'an nan ta faɗi ya mutu. Ka shafa giris a kewayen mahaɗin inji yana aiki. In ƙararsa ta sake, ka kama ɓarawo.

In ta tabbata sai an kwance, to, ina da roƙo ga 'yan'uwanmu bakanikai, musamman yaran da ke koyo. Na sha tsayawa a inuwar masu gyara na ga yaro ya zare silin wayar birki, ko allurar ɗinki, yana sakace jet da ƙarfinsa. Haba! Tagulla taushi gare ta, ƙarfe kuwa ba ya tausayi. Kowane jet akwai lamba a jikinsa, ita ce awon hudar da maƙeransa suka yi masa, Keihin ga baburan Honda, Mikuni ga yawancin na Yamaha da Suzuki. In ka faɗaɗa hudar ko da kaurin gashi, ka gama da shi. Baburin zai tashi, mai shi ya yi murna ya biya, daga ran nan kuma ya shiga shan mai kamar rairayi, a wannan tsada. Abin da ya kamata, a jiƙa jet cikin mai mai tsabta, a hura da famfon taya, a ɗaga shi a rana a ga haske ta ciki. In ya ƙi, a sa silin wayar lantarki ta jan ƙarfe wanda bai kai kaurin hudar ba, a hankali. Kuma a shimfiɗa ƙyalle a yi aikin a kai. Wanda ya wanke kafireto ya ajiye a kan turɓaya, wankan jaki ya yi masa.

A gefen kafireto akwai ƙusoshi biyu waɗanda kowa ke son murɗawa. Ɗaya ta ɗaga silo ce, ɗaya ta awon iskar silo. Kafin ka fid da ta iskar, ka murɗa ta ciki a hankali kana ƙidaya zagaye har ta taɓa, don ka san inda za ka mayar. Kada ka ɗaure ta tam, bakinta tsini ne, yana lanƙwashewa. Ga yawancin baburan nan wurin zamanta yana wajen zagaye ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga rufe. Ba a saita ta sai inji ya yi zafi. Ka ɗan ɗaga silo, ka juya ta iskar kaɗan kaɗan har ka ji inda ƙara ta fi tashi ta kuma daidaita, sa'an nan ka sauke silo. Amma ku sani, ƙusoshin nan ba su kwance kansu da dare. Baburin da jiya ya ke lafiya yau ya ƙi, ba saiti ne ya gudu ba.

Mai takardar Gimi shi ne nasa ke baƙin hayaƙi, mai na ɗiga ta ɗan tiyon da ke ƙarƙashi. Wannan ƙoshi ne ya yi masa yawa. Ko datti ya hana 'yar ƙusar fulot rufewa, ko bakinta ya ci ya yi wuya, ko kuwa fulot ɗin ya huje. In na tagulla ne ka girgiza shi kusa da kunne, in ka ji mai a ciki, ya nutse ke nan. Ka duba kuma ko cok yana komawa sarai, da abin tace iska, ko ƙura ta cika shi. Waɗansu in sun ga ya toshe sai su cire su yar, su ce babur ya sami numfashi. Lalle ya samu, tare da ƙurar hanyar Ikara duka, wadda za ta shiga ta goge ƙyauren kafireto da zobban fistan kamar an sa dutsen niƙa. In soso ne a wanke, a matse, a ɗan shafa baƙin mai, a mayar. Da hunturu kowane mako biyu ba ya yi yawa ba.

Fulogi shi ne shaidan da ba ya karɓar toshi. Bayan tafiya mai ɗan nisa ka fid da shi ka dubi bakinsa. In launinsa kamar soyayyar gyaɗa ne, damu ya yi daidai, ka ƙyale kafireto. In baƙi ne busasshe kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa. In fari fat ne, mai ya yi kaɗan, wannan kuwa ya fi haɗari don yana ƙone fistan. In jiƙe ya ke da baƙin mai, ciwon yana cikin inji.

Wanda nasa ke mutuwar fuju'a in ya yi zafi, ya tashi in ya huce, ya gwada wuta nan take a inda ya mutu. Ya jingina fulogi a jikin inji ya buga. In ba tartsatsi shuɗi, to, kwandansa ne ko kwayil, ko kwantak, wanda buɗewarsa ga tsofaffin Honda milimita 0.3 zuwa 0.4 ce. In wuta na nan, mai na sauka, amma kik ya yi sakwaf, a auna bawul, gama tazararsu ga irin su CD175 milimita 0.05 ce kurum, in ta rufe inji ba ya riƙe numfashi da zafi. Sai dai kada a gwada wuta kusa da man da aka zubar, kada a yi aikin mai kusa da murhu ko da taba a baki, kada kuma a bar inji yana aiki cikin zaure a rufe, hayaƙinsa yana kisa ba a ji ba.

Sauran zancen sabon kafireto na kasuwa. Na ga an sa da yawa. A ido kamar tagwaye su ke da na asali, amma sau da yawa jet ɗin da ke ciki ba awon injinka ba ne, sai ka rabu da ciwo ɗaya ka auri biyu. Tsohon kafireto ba ya ƙarewa sai in ƙyaurensa ya ci har yana kaɗawa cikin maƙogwaro, ko jikinsa ya tsage. Ko an kai ga haka, ka karɓi tsohon naka ka tafi da shi gida, kada ka bar shi a kwandon bakanike, don jet ɗinsa da allurarsa su za ka nema wata rana ka rasa.

Masu Yamaha YB100 da Suzuki A100, ku naku kafireton yana ɓoye cikin murfin inji na gefen dama, kuma injinku irin mai cin baƙin mai tare da fetur ne, yana da nasa ciwace-ciwacen, kamar toshewar salansa da yoyon iska ta robar ƙarangshaf. Haka masu Vespa, waɗanda ke gauraya mai da hannu. Fili ya ƙare mini, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ɗauki zancenku. Wanda zai rubuto kafin nan, ya faɗa mini irin baburin, da yadda ya ke mutuwa, da launin bakin fuloginsa.

Wassalam.

Naku,
Mai Tsohon Babur, Maƙarfi.